Yaron da muka kora daga aji shi ke ɗaure mana birki

A watan Oktoban da ya wuce, lokacin komawa makaranta, na shiga wata tsohuwar Land Cruiser daga tashar Dakoro zuwa ƙauyen da nake koyarwa, can wajen Sakkabal. Mun kai mutum ashirin a baya, ga buhunan hatsi, ga ƴan makaranta biyar da iyayensu suka damƙa mini. Ba mu yi nisa cikin rairayi ba sai warin fetur ya cika mana hanci. Direba ya tsaya, yaron mota ya buɗe gaba. Siririn tiyon ruwa ne, irin wanda ake yankawa a kasuwa da mita, ke kai mai daga tankin da aka ƙara zuwa inji, an ɗaure bakinsa da waya. Ya bushe ya tsage, mai yana ɗiga kusa da ƙarfen salansa mai zafi. Da yaron ya ɗago kai sai na ga ɗalibina ne da ya bar aji shekara uku da suka wuce. Na ce, "Kai, wa ya sa wannan?" Ya ce, "Ni ne, Malam. Ai tiyo tiyo ne."

Tiyo ba tiyo ba ne, kuma laifin rashin sanin haka namu ne, malamai da iyaye.

Motocin da ke shiga dajinmu, daga Kornaka har Bermo, ba kasafai ake barin su yadda kamfani ya ƙera su ba. Wata an ƙara mata tanki, wata an sauya mata inji, wata an ƙara mata sifirin don ta ɗauki lodi. Duk wanda ya yi wannan aiki dole ya sake jan hanyar mai da ta man birki, kuma kowace gaɓa da abin da ya dace da ita. Inda babu motsi, wato tsawon jikin shasi, bututun ƙarfe ake sawa, a maƙale shi da kyau don kada ya yi ta gogar wani ƙarfen. Inda akwai motsi, tsakanin shasi da inji mai karkarwa, ko tsakanin shasi da taya mai hawa da sauka, nan ne wurin guntun tiyon roba mai zare a ciki, wanda aka yi musamman don wannan aiki. Ka sa ƙarfe a wurin motsi, gargadar hanya ta karya shi. Ka sa doguwar roba a wurin ƙarfe, ta kumbura in an taka birki, ƙafar direba ta nutse mota ba ta tsaya ba. Iskar tayar mota ba ta cika wuce bar 2 ko 3 ba, amma man birki yana iya haura bar 100 in aka taka da ƙarfi. Wanda ya ɗaga mota da ƙarin sifirin ya bar tsohon tiyon birki, ya bar shi a miƙe kamar tsirkiyar baka, rami ɗaya ya isa ya tsinka shi. Bututun tagulla irin na firij kuwa, girgiza tana sa shi ya taurare ya tsage.

Tiyon kirki ba ya ɓoye kansa. A jikinsa akwai rubutu: na mai yakan ɗauki lambar SAE J30, na birki SAE J1401. Gwangwanin man birki ma an rubuta masa DOT 3 ko DOT 4. To, wa zai karanta? Yaron da uba ya ce, "Tunda boko ya ƙi shi, a kai shi garaji"? Yaron da ni da irina muka sha yi wa barazana a gaban allo cewa in bai yi hankali ba a garaji zai ƙare? Mun mai da garaji juji, muna zuba masa waɗanda ba mu koya wa karatu ba, sannan mu loda ƴaƴanmu a motar da suka gyara. Dokar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17, yadda ruwa ke isar da matsi ko'ina cikin bututu, ita ce ke tsayar da mota. Wanda ya dore a makaranta yana haddace ta don jarrabawa. Wanda ke ɗaure birki kullum bai taɓa jin ta ba.

Na san za a ce talauci ne, kayan kirki sai Maraɗi, kuma da tsada. Mai motar da ya iya sayen inji da tanki ba kuɗin tiyo mita biyu zai gagare shi ba, kuma kuɗin tiyon bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Wasu kuma, in mota ta ci wuta, sai su ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara. Amma waya da tiyon ruwa hannun mutum ne ya sa su.

Iyaye, in za ku kai yaro koyon kanikanci, ku bari ya iya karatu da lissafi tukuna, ko ku haɗa masa da cibiyar koyon sana'a ta gwamnati. Kafin ku ɗora ɗanku a motar kasuwa, ku shinshina. In kun ji warin fetur, ku sauke shi, ko da direba zai yi fushi. Mu malamai kuma, mu daina zagin yara da garaji. Mu aro guntun bututun ƙarfe da tiyo iri biyu mu kawo aji, yara su taɓa, su karanta rubutun da ke jiki.

Ni dai na fara. Ɗalibin nan nawa yana zuwa gidana duk Asabar da dare da kayan da maigidansa ya cire, muna karanta lambobin tare. Makon jiya ya ƙi sa wa wani direba tiyon ruwa, har suka yi cacar baki.