A Daina Cewa "Ai Zai Yi Famfara"

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni fili in yi kira ga iyaye 'yan'uwana. Yaro zai kwana yana kuka, turminsa ya yi kogo, sai a ce a bar shi, ai zai yi famfara. Alhali turamen yaro ba sa faɗuwa sai ya kai shekara 9 zuwa 12. Wa zai jure ciwon haƙori tsawon wannan lokaci?

Idan ruɓewar ta kai ga jijiya, ciko kaɗai ba ya wadatarwa. Likitan haƙori yakan yi allurar kashe zafi, ya kwashe ɓangaren jijiyar da ya lalace, ya sa magani, sannan ya rufe haƙorin da hular ƙarfe. Cirewa sai in ya gagara gyaruwa, domin shi ke riƙe wa sabon haƙori gurbinsa; in aka cire da wuri, na baya sukan matso su tare wurin.

Na ga yarinyar maƙwabta da kumburarren kunci, mugunya na tsattsafowa daga dasashi, ana ta ɗura mata maganin kyamis. Abin ya tsaya mini a rai. Mugunyar nan tana iya ɓata haƙorin da ke tasowa a ƙasa. Duk yaron da kuncinsa ya kumbura, a kai shi asibiti ranar nan.

Wata uwa,
daga Zariya