Jana'izar Tsohon Soja: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

'Yan'uwana mazauna Kurmi, daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Fatakwal, da yawa daga cikinmu 'ya'yan mazan jiya ne. Wani uban ya je Kwango tsakanin 1960 da 1964, wani ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wani kuma yana cikin rundunar da ta sauka Laberiya a 1990. Yau sun tsufa a gida, mu muna nan wajen neman abinci, kowa kuwa ya san irin wayar da ke shigowa da asuba.

Ni tawa ta same ni a Ikko. Tsohonmu saje ne, na yaƙin basasa. Da aka faɗa mini ya cika, sai na ce a kai shi ɗakin ajiye gawa na asibiti har in iso, in nemo soja su zo da tuta da begila. Baffana ya ce, "Ɗana, ubanka Musulmi ne tun kafin ya sa kaki." Bayan Azahar aka sallace shi aka kai shi makwancinsa, ina kan hanya. Na iso washegari da fushi. Amma da wani tsohon abokinsa ya tambaye ni lambar sojan marigayin da bataliyarsa, sai na yi shiru. Takardar sallamarsa ma sai bayan sadakar bakwai muka gano ta a ƙasan akwatin ƙarfe, gara ta ci gefenta. Ashe ko an jira ni, ba ni da abin da zan nuna a ƙofar bariki.

To, ga ra'ayina a yau. Baffa ya yi daidai. Addininmu ya yi umarni da gaggauta binne mamaci, ba kuwa abin da za a ajiye gawar Musulmi kwana biyu dominsa, ko ɗa ne ke kan hanya, ko ƙarar bindiga ake jira.

Sai dai ban yarda da masu cewa ban girman soja shirme ne ba. Mutumin da ya ba ƙasa ƙuruciyarsa, ya binne abokansa a daji, ya cancanci ƙasar ta tsaya a bakin kabarinsa ko da na minti biyar ne. Mu mutanen Ikko mun san barikin Myohaung a Yaba da na Arakan a Apapa. Sunayen wurare ne a ƙasar Bama, inda kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Jafan a yaƙin duniya na biyu. An tuna da filayen dagar, mazan da suka dawo kuwa akasarinsu sun tafi ba wanda ya sara musu. Bai kamata 'yan yaƙin basasa su bi wannan sawu ba.

Abubuwan nan biyu ba sa karo da juna, in an yi shiri tun da rai. Duk mai tsohon soja a gida, zuwansa ganin gida na gaba ya zauna da shi. Ya rubuta lambarsa da muƙaminsa da bataliyar da ya yi aiki. Ya nemo takardar sallama da ta fansho, ya ɗauki hotonsu ya ajiye, ya kuma duba sunan wanda aka rubuta magaji. Ya je ya gaisa da shugabannin reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta jiharsu, ya san limamin barikin da ya fi kusa. Sa'an nan ya damƙa wannan duka ga ɗan'uwan da ke zaune a gida, domin shi ne zai yi zirga-zirga a ranar, ba mu da ke bayan Kwara ba. Abu mafi girma, ya tambayi tsohon abin da yake so. Wani yana son tuta a kan makararsa, wani addu'a kawai yake bukata.

In ranar ta zo, a sanar da su tun da safe. In sun riski jana'iza, madalla. In ba su riska ba, su zo ta'aziyya da kakinsu, iyali za su san an san darajar tsohonsu.

Ga hukuma kuma ina da roƙo. Kowace shekara ran 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Wannan ya yi kyau. Amma ya kamata kowane bariki ya keɓe jami'in da zai amsa kira cikin sa'o'i kaɗan, tun da jana'izar Musulmi ba ta jiran fayil. A kuma riƙa biyan tsoho fanshonsa kan lokaci, don ya ci girmansa yana da sauran haƙora.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda suka rage. Amin.