Waiwaye: Shirun da Rediyo Ke Bari

Rediyo ɗaya tak gare mu a firamarenmu ta Augie, kuma ba a aji yake kwana ba. Hedimasta ke kulle shi cikin kabad, lulluɓe da tsumma saboda ƙura, sai ranar da jadawali ya nuna akwai darasi a fito da shi. A 1972 ina aji huɗu, lokacin muna Jihar Arewa maso Yamma, kuma sau da yawa ni ake aika in ɗauko shi. Hannu biyu nake rungumo shi, ina taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da tulu cike.

Birane sun riga mu sanin wannan abu da daɗewa. Tun 1944 aka kafa lasifikoki a Kano, ana jawo musu magana ta waya, mutane na taruwa ƙarƙashinsu suna saurare. Amma abin da ke bin waya ba ya zuwa garin da babu waya, balle garin bakin gulbi da damina ke yanke wa hanya. Mu sai da ƙaramin rediyo mai batir ya yawaita muka shiga sahu. Kafin nan BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon Arewa na Kaduna kuma ya buɗe a 1962, don haka da akwatin ya iso mana, da harshenmu ya yi sallama.

Yinin rediyo yana da tsari kamar yinin manomi. Da sassafe karatun Alƙur'ani ke fitowa daga zauren wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu, sai labarai. Hantsi na 'yan makaranta ne. Da rana a yi gaishe-gaishe a Zaɓi Sonka, dare kuwa na makaɗa.

Darasin hantsin nan shi ne ya zauna mini a rai. Tun kafin lokaci Malam ya buɗe ɗan littafin jagora da ake aiko wa malamai, ya rubuta kalmomin ranar a allo, ya sa mun maimaita har bakinmu ya saba. Sannan ya ja eriya, ya murɗa a hankali yana laluben Kaduna a mita 49, ana ta shuu da ƙara, har murya ta fito. Muryar takan faɗi jimlar Turanci sau biyu, sai ta yi tsit. Wannan shiru da gangan aka bar shi, namu ne. A cikinsa Malam zai nuna allo da sanda, mu amsa baki ɗaya, ya kama wanda ke motsa leɓe kawai ya ce shi kaɗai ya sake. Wata yarinya ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, mutumen ga na cikin akwati shina jinmu?" Malam ya ce, "Shi bai jinki, amma ni ina ji. Sake faɗi."

Wani lokaci murya kan dusashe ana tsakiyar darasi, ko batir ya yi sanyi. Malam ba ya tsayawa jira. Sai ya ɗora daga littafin a daidai inda aka tsaya, in muryar ta dawo mu tarar tare suke tafiya.

Ranar da aka yi bayanin kogin Neja da Binuwai, da aka tashi sai ya jera mu har bakin gulbi, inda masunta ke shanya taru, shinkafa kuma ta nuna a fadama. Ya ce mu dubi ruwan nan da kyau: shi ne zai ratsa Argungu, ya wuce ta Birnin Kebbi, ya je ya faɗa cikin Nejan da muka ji ɗazu. Na jefa kara a ruwa ina kallonsa har ya ɓace. Taswirar Nijeriya ranar ta shiga kaina, ba ta sake fita ba.

Na kuma ga ɗaya ɓangaren. Akwai zangon da aka ba mu wani malami da yakan kunna rediyon ya fita inuwa. Murya guda, darasi guda, amma in ta yi shiru sai surutu ya cike wurin. Ban riƙe ko kalma ɗaya daga wannan zango ba. A nan na gane cewa rabin darasi kawai ke tahowa daga Kaduna. Ɗaya rabin yana hannun wanda ke tsaye kusa da akwatin.

Ko kiɗan dare haka yake. A zaure ake haɗuwa, a sa batiran da suka wuni a rana don su ƙara ƙarfi, a ji Narambaɗa, Jankiɗi, Ɗanƙwairo, ko Aliyu Ɗandawo wanda Kabawa ke ji da shi. Mu yara kiɗan kawai muke bi. Kakana ne zai ɗaga hannu a rage murya, ya ce, "Kun ji abin da yac ce?" Sai ya warware mana wa ake yabo, wa ake yi wa zambo, wane yaƙi ake tunawa. Tarihin Kanta da Surame a bakinsa na fara ji, tsakanin waƙa da waƙa. Iyayenmu mata kuwa suna bayan danga, ba abin da ke wuce su.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fahimci wannan da wuri. A 1962 suka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a garuruwa: a taru a ji shiri, wani jagora ya buɗe tattaunawa, a ɗauki ra'ayin mutane a mayar Yamai. Ba su yarda a bar akwati shi kaɗai da jama'a ba.

Da cutar korona ta rufe makarantu a 2020, jihohi da dama sun koma koyarwa ta rediyo, kuma na yi murna ƙwarai, don har gobe babu abin da ke kai wa ƙauye da ruga kamarsa. Sai dai abin da na gani ya dame ni. An kashe ƙarfi wajen shirya murya, an manta da littafin jagora, an manta da mai riƙe sanda. Ga malamai zaune a gida, ga ɗaliban sakandare a kowace unguwa. Da an ba kowannensu takarda ɗaya da yara biyar, da darasin ya sauka.

A waccan shekarar ta 2020 na je gida, na tarar da jikar ƙanena zaune a gindin darbejiya, ta kanga wayar uwarta a kunne tana jin darasin lissafi. Mai koyarwa ya yi tambaya, ya bar shirun nan da na sani. Ta ɗago ta dube ni.

"Kaka, mi za ni cewa?"

Na ce ta miƙo mini gawayi daga murhu. Muka matsa jikin bango.