A tashi tsofaffinmu daga kan tabarma!

Jama'a, gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne. Dattijon da ya fita masallacin unguwa ya kasa gane hanyar gida, da tsohuwar da ke tambayar jikarta sunanta sau uku kafin la'asar, likita suke bukata. A daina cewa sammu ne, a daina yi wa tsohuwa ƙazafin maita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da wannan ciwo.

Jiki na sarrafa wasu sinadarai masu raya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda taki ke raya shuka. Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya, da Stanley Cohen sun samu kyautar Nobel a 1986 saboda aikinsu a kan waɗannan sinadarai, ciki har da NGF. A 1982 aka gano ɗan'uwansa BDNF a Jamus, kuma an tarar yana raguwa a sashen da ke ajiye tunani a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wani nau'in gigin tsufa.

Har yau ba a mayar da su maganin gigin tsufa ba. A Amurka an gwada shigar da ƙwayar halittar NGF cikin ƙwaƙwalwar marasa lafiya, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna amfani ba. To mai tallan maganin mantuwa da lasifika a bakin kasuwa, daga ina ya samo nasa? Ku riƙe kuɗinku.

Ƙafa ce ta nuna alamar nasara. A wani bincike na 2011 a Amurka, an raba tsofaffi 120 gida biyu. Rabinsu suka riƙa tafiyar minti 40, sau uku a mako, shekara guda. Sashen nan na tunani ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari, ƙaruwar ta tafi tare da hauhawar BDNF a jini. Na sauran kuwa raguwa ya yi.

Mu fa? Baba ya miƙe zai ɗauko buta, mu ce, "Zauna Baba, ka huta." Inna za ta barkar suna bayan gida, mu tsayar mata da adaidaita. Ladabi ne, amma yana cutar da su.

Samari, ku raka kakanninku masallaci a ƙasa, ta doguwar hanya. 'Yan mata, ku fita da Inna zumunci bayan rana ta yi sanyi. Limamai, ku faɗa a huɗuba. A kai su awon hawan jini da ciwon suga, a duba musu kunne ko akwai raunin ji, domin duk ukun na ƙara haɗarin gigin tsufa. Wanda ya fara ɓata hanya kuwa, a kai shi asibiti a makon nan!