Gyambon Kwanciya da Sanin Ma'aikatan Jinya

Akwai ciwon da maras lafiya ba ya zuwa da shi asibiti, a kan gadon asibitin yake samun sa. Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko matashin da ya karya ƙashin baya a haɗarin mota, sai a wayi gari fatar ƙugunsa ko ta diddigensa ta sale, nama ya fara ruɓewa. Wannan shi ne gyambon kwanciya, kuma akasarinsa ana iya kauce masa muddin ma'aikacin jinya ya san abin da zai duba da lokacin dubawa.

Idan nauyin jiki ya daɗe yana danne nama tsakanin ƙashi da katifa, jini yakan daina isa wurin, naman ya soma mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Mai lafiya yana juyi cikin barci ba tare da ya sani ba, amma wanda ya shanye ko ya fita hayyacinsa ba shi da wannan dama. Ƙasan gadon baya da kwatangwalo da diddige da allon kafaɗa da ƙeya su ne suka fi kamuwa. Danshin fitsari da gumi, ƙarancin abinci mai gina jiki, da jan maras lafiya a kan zanen gado duk suna gaggauta ɓarnar.

Tun a 1987 Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fito da ma'aunin tantance wanda ke cikin haɗari, a Amurka. Yana duba abubuwa shida: jin zafi ko taɓi, danshin fata, iya tashi, iya juyi, cin abinci, da gogayyar fata. Makinsa daga 6 ne zuwa 23, kuma wanda ya samu 18 ko ƙasa da haka yana buƙatar kulawa ta musamman. Cike shi ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki. Saboda haka ba uzurin da zai hana a cike wa kowane maras lafiya ranar da aka ba shi gado.

Inda gizo ke saƙar shi ne alamar farko. Littattafan koyarwa sun saba cewa a nemi jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. A fatar baƙar fata kuwa jan ba ya bayyana sosai. Wurin kan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko kumburi. Nas ɗin da take jiran ganin ja za ta farga ne bayan fata ta fashe. Dole a koyar da dubawa da hannu, cikin haske mai kyau.

Sai tsofaffin al'adun aiki. Murza wurin da ya fara canza launi, goga sifirit, da ɗora mutum a kan zoben roba, duk masana sun daina ba da shawararsu, domin suna ƙara lalata naman da ya riga ya raunana. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Abin da ke amfani shi ne juya maras lafiya a kai a kai, galibi kowane sa'o'i biyu, a karkata shi kaɗan da matashi, a ɗage diddigensa daga katifa, a tsabtace fata a busar.

A asibitocinmu, inda nas ɗaya kan riƙe ɗaki guda da dare, 'yan uwa masu jinya ne ke juya maras lafiya da sauya masa shimfiɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Minti goma da nas za ta ɗauka ta nuna musu yadda ake ɗagawa maimakon ja, da wuraren da za su riƙa dubawa, ya fi watannin wanke gyambo sauƙi da araha.

Ya kamata Majalisar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ba wannan darasi muhimmanci a horon sabunta lasisi, shugabannin asibitoci kuma su riƙa ƙidaya gyambon da ya fito a ɗakunansu, su samar da katifu da isassun ma'aikata. Gyambon da ya kai ƙashi na iya sa ƙwayoyin cuta su shiga jini, har a rasa ran wanda ya zo neman lafiya.