Wanne Ya Fi Cikin Zane-zanen Wale Adenuga?

Duk da cewa an daɗe da daina ganin mujallun barkwanci na zane a hannun masu sayar da jarida, har yanzu idan ma'abota karatunsu na da suka haɗu, ko a Talata Mafara ne ko Bakura ko Maradun, ba a rasa saɓani a kan aikin Wale Adenuga, mai zanen nan da ya fito da Ikebe Super a 1976, lokacin da ake tsakiyar aikin madatsar ruwa ta Bakolori, daga baya kuma ya ƙara da Super Story da Binta. Kowa da gwaninsa. Wasu sukan fifita Binta domin an yi ta ne saboda yara, babu abin da uba zai ji nauyin gani a hannun ɗiyarsa, kuma wannan hujja ce da ban raina ba. Masu fifita Super Story kuwa, idan aka matsa musu da tambaya, sai a tarar wasan talbijin da aka soma nunawa a 2001 suke nufi, alhali muhawarar a kan alƙalami take.

Ni dai a nawa mizanin, matuƙar gwanintar mai zane ake son aunawa, Ikebe Super ce kan gaba, kuma dalilina shi ne, mujallar da aka rubuta da Turanci, galibi ma na buroka, ba ta da wata hanyar shiga zuciyar Bahaushen da bai yi nisa a boko ba face ta surar da aka zana. Wanda ya buɗe ta ya dubi Papa Ajasco da sanƙonsa da tumbinsa, ya ga yadda idonsa ke bin 'yan mata alhali uwargida na tsaye a bayansa, ko ya dubi Boy Alinco da tabarau da taƙama irin ta saurayin da aljihunsa ba kome, ko Pa Jimoh da wautarsa, ba ya buƙatar tafinta, domin ya san irinsu a unguwarsu, wataƙila ma a zaurensu. Haƙiƙa ba kowane mai zane Allah ya hore wa wannan baiwa ba, ta ya tara ɗabi'ar mutum sukutum a cikin 'yan layuka kaɗan, har a gane shi tun kafin a karanta abin da ya faɗa.

Akwai aibi, kuma wajibi ne a faɗe shi: yadda ake zana mata a cikin Ikebe Super ya saɓa wa kunya da ladabin da aka tarbiyyantar da mu a kansu, saboda haka iyaye da malaman da suka hana ta shiga gida sun yi daidai, ni ma ba zan miƙa ta ga yaro ba. Amma hukuncin abin da ya halatta yaro ya karanta daban, hukuncin inda hannun mai zane ya fi nuna kansa daban, kuma a wannan na biyun ban ga abin da Binta ko Super Story suka kawo da ya kamo ƙafar Papa Ajasco ba.