Faifan CD ya bar kasuwa, kada ya tafi da bikinmu

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata, ana yawan tambaya ko har yanzu akwai amfanin kwamfutar buga faifan CD, tunda yau kowa a salula yake kallo. Amsarmu ita ce: a matsayin sana'a zamaninta ya wuce, amma akwai aiki ɗaya da ya rage mata, kuma na gaggawa ne.

A shekarun 2000 Birnin Ƙonni ta ci kasuwar faifai. Finafinan Kano suna biyowa ta Sakkwato da Illela ta Nijeriya, matasa su sayi faifai fanko, su kwafa da Nero, a kai Malbaza da Galmi da Illela tamu. Masu shirya fim na Kano sun yi ta kuka da wannan satar fasaha, kuma da gaskiyarsu. To, ga shi tashar Arewa24 ta zo a 2014, sannan a 2020 Izzar So ya ja jama'a zuwa YouTube. Sababbin kwamfutocin hannu, yawancinsu ba su da ma wurin sa faifai. Duk wanda zai zuba jarinsa a katon na faifai fanko a yau, to ya shirya ganin kuɗinsa sun kwanta a shago.

Amma fa kada a ruɗe mu da zancen intanet. Kallon kai tsaye yana cin kuɗin kati, kuma sai da layi mai ƙarfi. Mai sayar da albasa ba za ta ƙone ribar yininta a kan fim ɗaya ba, gara ta je wurin masu turi a zuba mata a katin memori. A watan Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke mana wutar lantarki, mun ga bambancin: faifai sai da talabijin da na'urarsa, salula kuwa ɗan cajin sola ya ishe ta.

Abin da ya fi damunmu shi ne faifan da ke cikin akwatunanku. Bikin ƴarki, sunan jikanki, tarbar alhazai, wa'azin malamin unguwa da ya rasu, duk waɗannan babu su a YouTube, ba kuma za a sake ɗaukarsu ba. Faifan da aka buga a shago bai kai na kamfani ƙarko ba. Zafi da rana da ƙura da karce suna cinye shi, wata rana a sa shi ya ƙi tashi. Masu na'urar karanta shi kuma kullum raguwa suke.

Saboda haka muna kira ga masu shagunan turi da kada su yar da tsohuwar kwamfutarsu, ga ciniki nan. Ku kuma mata, ku fito da faifanku tun yana aiki, a kwashe abin da ke ciki. DVD guda yawanci bai wuce giga 4.7 ba, ƙaramin kati ma zai ɗauke shi. A ajiye a wuri biyu, domin kati ma yana mutuwa, salula kuma ana sace ta ranar kasuwa. Mai hali ya sa a buga masa sabon faifai ya ƙara.

Sai dai ki tsaya a wurin har a gama, kuma ki sa yaron ya goge hotunan daga kwamfutarsa a gaban idonki kafin ki biya.